Kuɗin lalura da sunan "Niger" da ke jikinsu

Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914, tsabar kuɗi ta yi ɓatan dabo a Faransa da ƙasashen da take mulka. Jama'a sun ɓoye azurfa, tagulla kuma ta tafi ƙera harsashi. Sai majalisun ƴan kasuwa na birane suka shiga buga nasu kuɗin, wanda Faransawa ke kira monnaie de nécessité, wato kuɗin lalura. Ba gwamnati ce ta buga su ba.

Ƙarancin bai ƙare da yaƙin ba. A 1920 majalisun Dakar, Rufisque da Kayes sun fitar da ƴan kwabbai na santim, yawancinsu na sanholo, Ziguinchor ta biyo baya a 1921. Yau masu tara tsoffin kuɗi na farautarsu. Na Kayes ne ya kamata mu duba da kyau, don a jikinsa akwai sunan Haut-Sénégal-Niger. Wani zai gani ya ce ga tsohon kuɗin Nijar. A'a fa. "Niger" ɗin nan kogin ake nufi, Kayes kuwa tana cikin Mali ta yau, kuma sai 1922 Nijar ta zama koloni mai cin gashin kanta. Kwabon da darajarsa ta rataya ga fatake na bakin kogin Senegal, me zai saya a kasuwar Gidan Rumji ko ta Tibiri?

Namu kakanni da tasu mafita. Bature ya ce haraji sai da kuɗin Faransa, amma cefanen gishiri da daddawa wuri ya ci gaba da yinsa shekaru bayan an daina ƙidaya shi cikin kuɗin hukuma. Ga kuma sule da anini mai huji na Ingilishi suna tsallako iyaka daga Katsina. Takardar kuɗi kam ba a so ta, gara ko gobara na iya cinye ta cikin dare ɗaya. Azurfa ita ce abin nema, har mata na kai ta wajen maƙera a yi musu ado.

A ganina, wanda ke son tara kuɗin wancan zamani a ƙasar Maraɗi ya fara da kunne. Ita kanta kalmar kuɗi jam'in wuri ce. Dala sunan babbar azurfar Mariya Tareza ce, ya koma kan sillan faran 5, shi ya sa har gobe idan an rubuta 100 muke cewa dala ashirin. Tamma, faran ɗaya, ta kusa fita daga baki don ba ta sayen komai. Tsofaffin da suka ga shigowar sefa a Disamban 1945 suna ƙarewa, kuma su ne za su iya gaya mana wuri nawa ake canza tamma a kasuwar garinsu.