Gidan Tarihin Kanta da Labarin Kabawa

Bayan da mayaƙan jihadi suka ci Birnin Kabi a 1805, Kabawa suka kafu a Argungu. Tsohuwar fadar sarakunansu, wadda aka bari a 1942, ita ce aka mayar gidan tarihi a 1958, aka raɗa mata sunan Kanta.

Akasarin labarin yaƙoƙin nan malaman Sakkwato suka rubuta shi, watau abokan gāba. Shaidar Kabawa kuwa ita ce masu da takubba da layu da tambura da ke ajiye a gidan. Amma fa tambari ba ya faɗin yaƙin da ya halarta, sai makaɗinsa. Saboda haka wajibi ne malamai su rubuta labarin kowane abu da kirarinsa, da Kabancinsa, tun dattawan da suka sani suna raye.