Tarihin hawan jinin ido: daga waken Kalaba zuwa asibitocinmu

1/ Kun san maganin farko na ɗigawa da aka yi wa hawan jinin ido (gilokoma) daga Najeriya tushensa yake? Ku biyo ni.

2/ Da farko, mene ne ciwon? Ruwan cikin ido ne ke kasa fita, matsinsa ya hau, ya riƙa kashe jijiyar gani. Yawanci ba zafi, ba ja. Daga gefe gani yake fara tafiya, shi ya sa mutum ba ya lura.

3/ A da, likitoci ba sa iya leƙa cikin ido. Sai a 1851 Helmholtz, wani Bajamushe, ya fito da madubin haska ƙwayar ido. A 1857 von Graefe ya bayyana tiyatar farko da ta yi aiki.

4/ Yanzu ga namu. Mutanen Efik na Kalaba suna da wani wake mai dafi, esere, da ake ba wanda ake zargi da maita. Turawa suka kai shi Turai, aka tace sinadarinsa. A 1876 Ludwig Laqueur ya nuna yana sauke matsin ido. Shi kansa fa yana da ciwon.

5/ A 1968 Cairns ya kawo tiyatar buɗe wa ruwan ƙaramar hanya, wadda ake yi har gobe. Timolol ya zo a 1978, latanoprost a 1996. Ga kuma leza.

6/ A arewa, asibitin ido na ECWA a Kano tun 1943 yake aiki, ga Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna.

7/ Amma binciken makanta na ƙasa (2005 zuwa 2007) ya gano kusan 5 cikin 100 na 'yan shekara 40 zuwa sama suna da shi, kuma mafi yawansu ba su sani ba.

8/ Shekara 150 ana nema, har yau ba maganin da ke dawo da ganin da ya tafi. Yanar ido ana cirewa a gani. Wannan tsayar da shi kawai ake yi, kuma ɗigon ba a dainawa don an ji sauƙi.

9/ 'Yan Kiyawa, Dutse ba nisa. In Baba ko Inna sun haura 40, ko akwai makanta a dangi, ku raka su a auna matsin ido a duba jijiya. Yana bin jini, don haka ku ma ya shafe ku. Allah ya kare mana gani.