Ƙarya Mai Fure: Tarihin Itaciyar Da Ta Shigo Gidajenmu

Mai karatu, idan ka ratsa layukan Tudun Wada a Zariya, da wuya ka rasa ganin wata gajeriyar itaciya a tukunya, mai kumburarren gindi da jan fure. Asalinta 'yar daji ce, mazauniyar fako da tsakanin duwatsu, tun daga Senegal har ƙasar Larabawa. Kakanninmu sun kira ta ƙarya, ana kuma danganta sunan da karin maganar nan ta "ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya", domin takan cika da fure amma ba kasafai ake ganin 'ya'yanta ba.

Masanin tsirrai Peter Forsskal ya siffanta ta a Yaman, aka buga bayaninsa a 1775 bayan rasuwarsa. A 1819 aka raɗa mata sunan Adenium obesum. A ƙasar Hausa kuwa, likita J. M. Dalziel ya tattara sunayen itatuwanmu a littafinsa na 1916, ya faɗaɗa bayanin amfaninsu a 1937. Tun kafin waɗannan rubuce-rubuce, maharba a sassan Afirka sun san ruwanta dafi ne na kibiya, masunta kuma suna kashe kifi da ɓawonta. Masu bincike a Jami'ar Ahmadu Bello sun gwada ɓawon a kan tarwaɗa, suka tabbatar da gubarsa.

Gubar tana aiki ne a kan zuciya. Danginta ɗaya da maganin digoxin, wanda tarihinsa ya faro daga binciken William Withering na 1785 a Ingila. Likita yakan auna nasa daidai da jikin majinyaci. Na itaciya ba shi da ma'auni.

Ga yadda za ka gane ta. Gindinta kumburarre ne, ɓawonta sumul, launin toka. Ganyenta masu sheƙi suna taruwa a ƙarshen reshe, sukan zube da rani su bar fure kaɗai. Furen kamar bakin algaita yake, mai kunnuwa biyar, ja a baki, fari-fari a ciki. Idan ta yi 'ya'ya, biyu ne a haɗe kamar ƙahoni. Kada ka rikita ta da tumfafiya, mai faffaɗan ganye da 'ya'ya kamar ƙwallo.

Magabata sun san ta a daji; mu mun ajiye ta inda yara ke rarrafe. Ka ɗaga tukunyar daga inda hannunsu zai kai, ka wanke hannu bayan sassabe ta. Mai ciwon zuciya kada ya sha jiƙonta ko da wa ya ba shi. Idan yaro ya tauna ta, musamman in amai, gudawa ko rikicewar bugun zuciya suka biyo baya, kada a tsaya ɗura masa manja ko madara. A garzaya asibiti, a tafi da reshen domin likita ya gani. Allah Ya tsare mu da iyalanmu.