Abin da ya kamata a bincika kafin a sayi babban babur na hannu

Manyan babura masu gudu, waɗanda matasa ke kira fawa-baik, sun zama sanannu a titunan Abuja, Kano da Kaduna, musamman a ƙarshen mako da ranakun biki. Galibinsu na hannu ne: ko dai tokumbo da aka shigo da su daga Amurka da Turai, ko waɗanda suka riga suka bi ta hannun mutum biyu ko uku a cikin gida.

Bambancinsu da Boxer ɗin ɗan acaɓa ya wuce na kyan gani. Ƙarfin Boxer mai inji cc 100 bai wuce na doki takwas ba. Yamaha R6 ko Honda CBR600RR kuwa sun haura doki 100, kuma suna iya zarta kilomita 250 a awa. Lahanin da zai tsayar da ƙaramin mashin a gefen titi, a kan irin waɗannan yana iya zama ajali. Matsalar ita ce robobin da ke lulluɓe da jikinsu suna ɓoye kusan komai, kuma sababbin robobi da fenti sun fi gyaran gaskiya araha.

Lambar da ke tona tarihi

Bincike yana farawa ne daga wuyan babur, inda aka buga lambar shaida ta masana'anta, wato VIN. Tun daga 1981 lambar tana da haruffa da alƙaluma 17, kuma babu I, O ko Q a cikinta. Baburan da aka ƙera a Japan suna farawa da J: JH2 na Honda, JYA na Yamaha, JS1 na Suzuki. A kan waɗanda aka yi wa kasuwar Amurka, gurbi na goma shi ke nuna shekara: 9 na nufin 2009, A 2010, F 2015. Dillalin da ya rantse cewa babur ɗan 2015 ne alhali gurbi na goma yana ɗauke da 8, ya riga ya bayyana irin cinikin da za a yi da shi. Idan aka ga alamar goga ko sake bugu a kan lambar, ko ta saɓa da ta takardu, maganar saye ta ƙare a nan.

Lambar tana da wani amfani. Da yawa daga cikin baburan da ke zuwa daga Amurka an saye su ne a gwanjon kamfanoni irin su Copart da IAA, inda kamfanonin inshora ke sayar da abin hawan da suka ga gyaransa bai cancanci kuɗin ba. Sau da yawa sanya lambar a Google kan fito da hotunan babur kamar yadda yake ranar gwanjo, kafin bakanike ya taɓa shi. Ba duk na gwanjo ne matacce ba, domin robobin asali suna da tsada sosai, har faɗuwa mai sauƙi kan sa inshora ta haƙura da babur. Amma wanda ya goge gefe ɗaya a ƙasa daban yake da wanda ya yi taho-mu-gama da mota, kuma mai saye yana da haƙƙin sanin wanne ne a gabansa.

Da lambar kuma ake duba shafin hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka, NHTSA, kyauta, don ganin ko an taɓa kiran samfurin a gyara masa wani lahani na masana'anta. A 2013 kamfanin Suzuki ya kira baburan GSX-R fiye da 200,000 saboda tsatsa a famfon birkin gaba, wadda ke rage ƙarfin kamawa. Babur da ya bar Amurka ba a yi masa wannan gyara ba yana nan da lahaninsa.

Firam, taya da birki

Firam ɗin mafi yawan waɗannan babura na alminiyam ne, kuma walda a kansa a garejin unguwa ba ta mayar masa da ƙarfinsa na asali. Don haka ya kamata a nemi mai sayarwa ya yarda a kwance robobin gefe. Ana neman tsagewa, lotsawa, sabuwar walda, ko fenti a inda ba a saba gani ba. A ƙarƙashin wuya akwai ƙananan ƙarafa biyu da ke tare kan babur idan an juya shi ƙarshe. Idan ɗaya ya karye ko ya lanƙwashe, babur ya taɓa shan mugun kaye. Notuna masu ƙananan huji a kai alama ce ta cewa an yi tsere da shi a fili, domin a can ake ɗaure su da waya.

Idan aka ɗaga tayar gaba aka juya kan a hankali, kada a ji ya maƙale a tsakiya. Maƙalewa na nufin boris ɗin wuya ya ci, abin da yawan ɗaga ƙafar gaba ke jawowa. Danshin mai a jikin shokozoban gaba ba ƙaramin abu ba ne, don man na iya gangarawa kan birki.

Taya kan yaudari mutane da yawa. Zanenta na iya zama cikakke alhali robar ta bushe. A gefenta akwai alƙaluma huɗu bayan rubutun DOT: 2318 na nufin mako na 23 na shekarar 2018. Tayar da ta haura shekara biyar ko shida, a zafin Arewa, ta canji ce. Ruwan birki da ya yi baƙi ya sha danshi. Masana'antu suna so a canja shi duk shekara biyu. Idan babur mai ABS ne, fitilarsa za ta kama da kunna makulli, ta mutu bayan an fara tafiya. Wadda ba ta kamawa sam tana iya zama an cire ta ne don ɓoye matsala.

Inji da wuta

A je da sassafe, a taɓa inji a tabbatar da sanyi yake kafin a tayar. Mai sayarwar da ya riga ya ɗumama babur kafin baƙo ya iso wataƙila yana ɓoye wahalar tashi ko ƙarar da ke ɓacewa da zafi. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi daga salansa na nufin inji yana cin baƙin mai. Mai da ya koma kamar madara na nufin ruwan lagireto yana shiga cikinsa. A bar shi yana aiki a tsaye har fanka ta kama da kanta idan zafi ya ɗan haura digiri 100. Babur da fankarsa ba ta aiki ba zai jure cunkoson Kano a watan Afrilu ba. Da ƙaramar mitar wuta ana iya auna batir: kusan bolt 12.6 a kashe, 13.5 zuwa 14.5 idan an ba shi wuta.

Agogon baburan Amurka yana lissafi ne da mil, don haka 20,000 a kansa kilomita 32,000 ne. A gwajin tuƙi, a ja shi da ƙarfi a giya ta biyu; idan ta zame ta fita da kanta, sai an buɗe inji gaba ɗaya. Masu sayen Yamaha ɗan Turai su tambayi jan makulli: shi ake amfani da shi wajen yin sabo, kuma in ya ɓata tare da sauran, sai an taɓa kwamfutar babur.

Takardu

Ana buƙatar shaidar biyan kuɗin Kwastam, takardar rajista, inshora, da yarjejeniyar ciniki a rubuce mai sa hannun shaidu. Ana iya tantance lambar babur a rumbun bayanan Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, inshora kuma a na NIID. Tuƙin babur yana buƙatar lasisi ajin A, kuma tun Janairun 2009 hukumar ke tilasta sanya hular kwano.

Takardar ingancin abin hawa da jami'an VIO ke bayarwa tana da muhimmanci a gaban doka, amma kuskure ne a ɗauke ta a matsayin shaidar lafiyar firam ko birki. Jihar Legas kanta sai a Janairun 2022 ta fara aiwatar da ƙa'idar cewa ba a bayar da takardar sai an kai abin hawa an duba shi. Ya kamata kuma a san dokar inda za a hau, domin jihohi da dama a Arewa maso Yamma sun sha taƙaita zirga-zirgar babura saboda matsalar tsaro.

Kafin a yanke farashi, sai a lissafa kuɗin taya biyu, sarƙa da haƙoranta, ruwan birki da baƙin mai, a kuma tambayi bakaniken da ya duba babur ko ana samun kayan wannan samfurin a cikin gida ko sai an yi odarsu da dala.