Waƙar da FBI ta saurara ta kasa ji

Yau labarin da zan kawo muku ba na kasuwa ba ne, na wata tsohuwar waƙar rock ce ta Amurka mai suna Louie Louie, wadda ta tayar da ƙura har gwamnati ta shiga ciki, alhali kuwa babu komai a cikinta.

Wanda ya rubuta ta wani baƙar fata ne ɗan Los Angeles, Richard Berry, ya fitar da ita a faifai a 1957. Abin da take faɗa ba wani abu ba ne: wani matuƙin jirgin ruwa ne ɗan Jamaika yana ba abokin hirarsa labarin budurwarsa da ya baro a gida, yana ɗokin komawa gare ta. Shi ke nan. Berry ya rera ta da irin Turancin mutanen Jamaika, amma duk wanda ya kasa kunne zai gane.

A watan Afrilu na 1963 wasu samari na garin Portland a jihar Oregon, masu kiran kansu Kingsmen, suka sake rera ta. A nan matsalar ta faro. Ɗakin ɗaukar sautin ƙarami ne, an rataye makirufo can sama, sai da mawaƙin nasu Jack Ely ya ɗaga kai yana ihu don muryarsa ta fi ta ganga da jita. Ga shi kuma da waya a haƙoransa ta gyaran haƙori. Kalmomin suka fito a cakuɗe kamar mai magana da tuwo a baki. Duk da haka waƙar ta karɓu, ta kai mataki na 2 a jerin Billboard.

To jama'a, kunne ba ya son zama haka nan. Idan bai ji ba, sai ya ƙirƙira. Ku tuna yadda yaran Arewa suke mayar da waƙoƙin finafinan Indiya Hausa, su rantse cewa abin da mawaƙin ya ce ke nan. Mu ma da muke zaune a Legas mun san yadda magana ɗaya ta Yarabanci take juyewa zagi a kunnen baƙon da aka riga aka ce masa ana zaginsa. Haka ta faru a makarantun Amurka. Ɗalibai suka riƙa rubuta baitocin batsa a 'yan takardu suna miƙa wa juna, wai su ne ainihin abin da Ely yake faɗa. Kuma da zarar ka karanta takardar ka kunna faifan, wallahi abin da ka karanta shi za ka ji. Takardun ma ba su yi daidai da juna ba, kowane gari da nasa, amma wannan bai sa kowa ya tsaya ya yi tunani ba.

Takardun suka faɗa hannun iyaye. Aka yi ta rubuta wasiƙun ƙorafi, har zuwa ga antoni janar na lokacin, Robert Kennedy. A farkon 1964 gwamnan jihar Indiana, Matthew Welsh, ya nemi gidajen rediyon jiharsa su daina saka ta. Hukumar FBI ta buɗe bincike, domin doka ta hana safarar kayan batsa daga jiha zuwa jiha. Ma'aikatanta suka zauna suna juya faifan, su rage masa gudu, su ƙara masa, su sake. Aka kai har cikin 1965, aka tara takardu sama da shafi 100. Sakamakon: ba a iya gane abin da ake faɗa ko da wane gudu aka juya faifan, don haka babu laifin da za a kama wani da shi. Abin da ya fi ba ni mamaki, ba su je sun tambayi Ely ba, mutumin da muryarsa ce a faifan. Shi dai ya riga ya bar ƙungiyar tun 1963. Ni a ganina wannan sakaci ne babba: mai magana yana raye, aka bar shi aka koma tambayar inji.

Hanin kuwa talla ya zame wa waƙar, matasa suka ƙara rububin saye. Berry bai ci moriyar wannan ba a lokacin, don ya riga ya sayar da haƙƙinsa a kan dala 750 domin ya yi aure, sai a shekarun 1980 ya samu wani kaso ya dawo hannunsa.

Sannan akwai ashar guda ɗaya ta gaske a faifan. Wajen daƙiƙa ta 54, mai gangar, Lynn Easton, sandarsa ta suɓuce, ya saki zagi daga can baya. Ba ta cikin takardun ɗalibai, kuma rahoton FBI bai kama ta ba.