Sarki Ne Ya Kashe Shi Ko Ƙaddara? Tarihin Wata Tsohuwar Muhawara



Akwai kalmar da ba ta barin bakinmu, ba ta kuma barin labaran da muke rubutawa, wato ƙaddara. Mu ne muke cewa zakaran da Allah ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi. Mu ne kuma muke cewa abin da mutum ya shuka shi zai girba. Magana ta farko ta nuna an riga an gama komai, ta biyu kuma ta ɗora wa mutum alhakin aikinsa. To shin mutum yana da zaɓi, ko kuwa tafiyar da shi ake yi? Yau za mu koma Iraƙi da Sham na farkon Musulunci, mu ga yadda wannan tambaya ta ci rayukan mutane.

Muhawarar ta fara zafi ne a kan mulki. Banu Umayya sun riƙe halifanci daga Dimashƙa tun 661 har zuwa 750, an kuma zubar da jini sosai a zamaninsu, ciki har da abin da ya faru a Karbala a 680. Magoya bayansu da mawaƙan fadarsu sukan ce Allah ne ya ba su mulki, don haka ja da su ja da hukuncin Allah ne. Sai mutane suka fara tambaya: in gwamna ya kashe rai, ya ƙwace dukiya, sannan ya ce haka Allah ya ƙaddara, wa za a tuhuma?

A Basra aka ji amsa ta farko. Ma'abad al-Juhani ya ce mugun aikin bawa daga bawa yake, kada a jingina wa Allah zalunci. Ya shiga tawayen Ibn al-Ash'as a kan gwamna Hajjaju bin Yusuf, aka kashe shi a wajajen shekarar 700. Bayansa Gailan na Dimashƙa, wanda ma'aikacin gwamnatin ne, ya ɗauki ra'ayin, shi ma aka kashe shi a zamanin halifa Hishamu bin Abdulmalik, wanda ya yi mulki daga 724 zuwa 743. Abokan hamayya suka laƙaba musu suna Ƙadariyya, wato aka kira su da sunan abin da ake zarginsu da musantawa.

Can gabas a Khurasan, Jahamu bin Safwan ya tsaya a ɗaya ɓangaren. A wurinsa babu mai aikatawa na haƙiƙa sai Allah. In an ce mutum ya yi abu, daidai yake da a ce rana ta fito ko ruwa ya gudana. Wannan ra'ayi shi ake kira Jabariyya, daga kalmar Larabci mai nufin tilastawa. Za mu zaci mai irin wannan ra'ayi zai naɗe hannu ya bar sarki da mulkinsa. Ina! Jahamu shi ne magatakardan Harisu bin Suraiju, madugun tawaye a kan Banu Umayya, a cikin tawayen kuma aka kashe shi a Marwa a 746. Mai cewa akwai zaɓi da mai cewa babu, duk takobin gida ɗaya ne ya ci su.

Daga baya Mu'utazilawa suka gaji zancen zaɓi, suka gina shi a kan adalcin Allah. Hujjarsu ita ce: mai adalci ba zai tilasta wa bawa yin laifi sannan ya azabtar da shi a kansa ba, saboda haka bawa ne yake samar da ayyukansa. Amma da suka sami kusanci da fadar Abbasiyawa, sai reshe ya juye da mujiya. A 833 halifa Ma'amun ya fara tilasta wa malamai su yarda cewa Alƙur'ani halitta ne, ra'ayin da Mu'utazilawa suke kai, babban alƙali Ibn Abi Du'ad kuma ya zama jagoran tuhumar. An ɗaure Imam Ahmad bin Hambali, an yi masa bulala a zamanin Mu'utasim. Masu kare zaɓin ɗan Adam sun tsaya bayan bulalar da ke hana shi zaɓin abin da zai yi imani da shi. Sai a zamanin Mutawakkil aka daina.

Daga cikin gidansu aka sami wanda ya juya musu baya. An haifi Abul Hasan al-Ash'ari a Basra wajajen 874, ya yi karatu a gaban al-Jubba'i, babban malamin Mu'utazila, har ya kai shekara 40. Ana ba da labarin cewa wata rana ya tambayi malamin nasa game da 'yan'uwa 3: ɗaya ya mutu mumini, ɗaya fajiri, ɗaya yana yaro. Malam ya ce na farko yana da daraja a Aljanna, na biyu yana wuta, yaron kuma ya tsira amma bai kai darajar wansa ba. Ɗalibi ya ce, in yaron ya tambayi dalilin da ya sa ba a bar shi ya girma ya yi ibada ba fa? Malam ya ce za a gaya masa an san in ya girma zai saɓa, don haka ɗauke shi ya fi masa alheri. Ɗalibi ya ce, to in na wuta ya ce ni me ya sa ba a ɗauke ni ina yaro ba? Malam ya yi shiru.

Al-Ash'ari ya nemi hanya ta tsakiya da ake kira kasbu: Allah ne yake halittar aiki, bawa kuma yana tsiwirwirarsa da ikon da aka halitta masa a lokacin aikin, a kan haka ake yi masa hisabi. Kowa ya san bambancin hannun da ke karkarwa saboda zazzaɓi da hannun da aka miƙa don a ɗauki kayan wani. Masu suka sun ce bayanin ya yi siriri har ba ya kamuwa, ba a kuma daina gardama ba bayan rasuwarsa a Bagadaza wajajen 936. Duk da haka tafarkinsa ya yaɗu a Afirka ta Arewa, ya iso zaurukan karatunmu ta littattafai irin su Ummul Barahin na Shehu Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490.

Me wannan tarihi ya bar mana? Tun farko tambayar ta alhaki ce, kuma duk wanda ya ambaci ƙaddara, akwai wanda maganar take wanke wa laifi. Mu duba labaranmu. Uba ya yi wa 'yarsa auren dole, ta ƙare a wahala, sai mu rufe babi da cewa ƙaddararta ce. Direba ya yi gudun wuce sa'a, mu kira shi tsautsayi. Imani da ƙaddara bai hana Sayyidina Umar juyawa da jama'arsa daga hanyar Sham ba da ya ji annoba ta ɓarke a can, ya kuma bayyana cewa juyawar ma cikin ƙaddarar take. Mu bar taurarinmu su yi zaɓi a gaban mai karatu, su kuma ɗauki nauyinsa.

Aikin wannan mako: kowa ya ɗauko labarinsa guda, ya nemo inda ya rubuta kalmar ƙaddara, ya tambayi kansa wa ya wanke da ita. A ajiye mana abin da aka gano a ƙasa. Allah ne mafi sani. Sai mako mai zuwa.