Asalin Binciken Martaba Da Ƙunci A Tsakanin Ɓeraye

Ɗan kasuwa bai san ɓera da wata sana'a ba face huda buhun gero da ɓarnar dabino a sito, alhali kuwa wannan ƙaramar halitta ita ce malaman ɗabi'a suka daɗe suna ɗora wa mas'alar da ke da wuyar gwadawa a kan ɗan Adam, watau yadda ɗaukaka da ƙasƙanci ke ratsa jiki har su zama cuta.

Mafarin al'amarin yana ga Hans Selye, wanda a shekarar 1936 a birnin Montreal ya lura cewa ko da wace irin azaba aka gana wa manyan ɓeraye, sanyi ne ko dafi ko gajiya, alamun iri ɗaya ne: ƙullutun da ke bisa ƙoda ya kumbura, ciki ya yi gyambo. A 1968 John Calhoun ya zuba ɓeraye 8 a wani shinge a Amurka, ya wadata su da ci da sha, suka hayayyafa har wajen 2,200, sa'an nan zamansu ya lalace, zuriyar ta ƙare. Daga bisani, a 2006, almajiran Eric Nestler suka daidaita wata hanya: a jefa ƙaramin ɓera a kejin ƙaton mafaɗaci kullum har kwana 10, a ga wanda zai karaya ya guji 'yan'uwansa da wanda zai jure.

Sai dai galibin wannan ilmi a kan maza aka gina shi, domin namijin ɓera ba ya cika kai wa mace hari, kuma malaman suna kafa hujja da cewa sauyin jikin mace yana dagula lissafi, hujjar da wani bincike na 2014 ya nuna ba ta da tushe. Sai a 2016 hukumar binciken lafiya ta Amurka ta wajabta a riƙa lura da jinsi.

Da aka duba, sai zato ya kife. A birnin Lausanne, a 2017, ko a tsakanin mazan an tarar shugaban keji ya fi na ƙasansa saurin karaya in aka rinjaye shi. A 2020 kuma mutanen Alon Chen suka nuna cewa mata ma suna da nasu tsarin fifiko, kuma martaba ɗaya, ƙunci ɗaya, amma tasirinsu ga mace saɓanin na namiji ne. An yi shekara 80 ke nan ana yanke hukunci da shaidar rabin jama'a.